Ƙasar da ke sayen abin da za ta iya yi da kanta: dabara ce ko sakaci?

Baban_Khadija:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ban ga inda ya dace in kawo ta ba sai wannan zaure, tunda a cikinmu akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata. Kullum masana tattalin arziki suna cewa kowace ƙasa ta tsaya a kan abin da ta fi ƙwarewa a kai, ta sayi sauran daga waje, wai da haka kowa zai ƙaru. Ni kuwa a nawa ganin, ƙasar da Allah ya hore wa jama'a da ƙasar noma da ma'adinai, amma ta naɗe hannu tana jiran jirgin ruwa ya kawo mata abin da za ta iya yi da kanta, ta miƙa wuyanta ne ga mai sayar mata, domin ranar da suka ɓata ko ranar da hanya ta toshe ita ce za ta kwana cikin zullumi. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Don haka nake tambaya: wannan dogaro da juna da ake ta yabo, mene ne bambancinsa da rauni? Ina neman a fahimtar da ni da hujja.

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi nisa ina da 'yar tambaya, kuma ba da raini nake yin ta ba. Rigar da ke jikinka kai ka noma audugarta ka saƙa ka ɗinka? Na'urar da ka rubuta wannan saƙo da ita kai ka ƙera? Idan amsar a'a ce, me ya sa ba ka ɗauki hakan a matsayin rauni ba?

Malamin_Tarihi:
Tambayar Mai_Lissafi tsohuwa ce ƙwarai. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a shekarar 1377, ya yi bayanin cewa mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa ko da abincin yini guda shi kaɗai, saboda hatsin yana buƙatar niƙa da kwaɓi da dafuwa, kowane ɗaya daga cikinsu kuma yana buƙatar kayan aiki waɗanda sai da maƙeri da kafinta da maginin tukwane ake samun su. Ya ƙara da cewa idan mutane suka haɗu suka raba aikin a tsakaninsu, abin da suke samarwa yakan ninka buƙatarsu sau da yawa, kuma wannan rarar ce ake saye da sayarwa da ita har birane su bunƙasa.

Bayan kusan shekara 400, a 1776, masanin tattalin arziki Adam Smith ya kawo misalin masana'antar fil, irin wanda tela ke maƙale yadi da shi. Ya ce ya ga wata ƙaramar masana'anta mai ma'aikata goma, wani yana jan waya, wani yana miƙar da ita, wani yana yankawa, wani yana fiƙe tsini, wani yana haɗa kai, kuma su goman suna fitar da fil kusan 48,000 a rana, alhali da kowannensu zai yi aikin shi kaɗai daga farko har ƙarshe, da wuya ya yi ashirin. Abin da mutane suka cika mantawa shi ne sharaɗin da ya gindaya, cewa girman kasuwa ne ke iyakance rabon aiki. Babu mai hankalin da zai ƙera fil 48,000 a rana idan masu sayensa ba su wuce mutanen ƙauye ɗaya ba. Ke nan ƙwarewa ce ke sa a nemi ciniki, cinikin kuma shi ke ba ƙwarewa damar zurfafa.

Hajiya_Mai_Ɗinki:
Ni ban karanta waɗannan littattafai ba, amma abin da Malamin_Tarihi ya faɗa na gan shi da idona. Lokacin da na fara ɗaukar ma'aikata mu shida ne, kowace tana karɓar yadi ta auna, ta yanka, ta ɗinka, ta yi ramin maɓalli, ta goge, ta ninke. Sai na lura akwai wata a cikinmu da idan ta riƙe almakashi ƙyallen da take zubarwa bai kai rabin na sauran ba, domin tana shimfiɗa yadin ta tsaya tana kallonsa na ɗan lokaci kafin ta taɓa alli, ta san inda hannun riga zai fito daga gefen da wata za ta jefar. Amma a kan keke tana da nawa. Wata kuma keke kamar a hannunta aka haife shi, sai dai yankanta kullum da gyara. Da na raba aikin, mai yanka ta tsaya a tebur, uku a kan keke, ɗaya a maɓalli da guga, ni kuma ina karɓar aiki da duba shi, abin da muke gamawa a mako ya ƙaru sosai ba tare da mun ƙara keke ko ɗaya ba. Har lokacin da ake ɓatawa wajen tashi daga keke zuwa tebur da neman inda aka ajiye awo ya tafi.

Sai dai zan faɗi ɗaya ɓangaren saboda Baban_Khadija. Ranar da mai yankan ta kwanta rashin lafiya, kwana tara kekunan nan uku suna zaune a rufe, domin sauran duk hannunsu ya bar yanka, kuma babu wadda ta yarda ta sa almakashi a yadin mutane.

Baban_Khadija:
Na gode, Hajiya, kuma ƙarshen labarinki shi ne ainihin abin da nake tsoro. Game da tambayar Mai_Lissafi, na yarda ban ɗinka rigata ba, amma ni da tela hukuma ɗaya ke kanmu, idan ya cuce ni akwai inda zan kai ƙara, kuma idan ya ƙi ni akwai wani telan. Tsakanin ƙasashe ba haka abin yake ba. Sannan akwai abin da ban gane ba: idan wata ƙasa ta fi wata iya yin komai da komai, da arha kuma da inganci, me mai ƙarfin za ta saya a wurin mai raunin? Ashe ba za ta cika mata kasuwa da kaya ta bar ta ba abin sayarwa ba?

Mai_Lissafi:
Allah ya saka da alheri, Malam, wannan tambaya ta biyu ita ce zuciyar maganar, kuma ita masanin tattalin arziki David Ricardo ya amsa a 1817. Ina roƙon a yi haƙuri da 'yan alƙaluma, domin ba a gane ta sai da su.

Ya ɗauki Ingila da Fotugal, da kaya iri biyu, yadi da giyar inabi. A misalinsa, Fotugal tana buƙatar aikin mutum 80 na shekara guda don samar da wani adadi na giyar, da mutum 90 don wani adadi na yadi. Ingila kuwa tana buƙatar mutum 120 don giyar, da mutum 100 don yadin. A duba da kyau, Fotugal ta fi Ingila a duka biyun, wato daidai yanayin da Baban_Khadija ya kawo. Idan kowace ta yi wa kanta duka biyun, Fotugal za ta yi amfani da mutum 170, Ingila kuma 220, a samu kaso biyu na yadi da kaso biyu na giya a jimlace. Amma idan Fotugal ta bar yadi ta yi kaso biyu na giya, mutum 160 sun ishe ta, idan Ingila kuma ta bar giya ta yi kaso biyu na yadi, mutum 200 sun ishe ta. Sai su yi musayar kaso ɗaya da kaso ɗaya. Kowace ta sami abin da take samu a da, amma Fotugal ta rage mutum 10, Ingila ta rage 20, waɗanda za su iya zuwa su samar da wani abin na daban.

Sirrin shi ne ba a tambayar wa ya fi iyawa, ana tambayar me kowa ke haƙura da shi idan ya zaɓi yin wani abu. Duk mutumin da Fotugal ta tura saƙa, ta cire shi ne daga gonar inabi inda fifikonta ya fi yawa. Ƙasa mai ƙarfi ma ma'aikatanta da lokacinta suna da iyaka, ba a tauna taura biyu lokaci guda, saboda haka dole akwai abin da ya fi mata riba ta saya a kan ta yi da kanta.

Ɗaliba_Zee:
Malam Mai_Lissafi, bari in maimaita in ga ko na gane. Kamar a ce likitar tiyata ce wadda ta fi sakatarenta saurin buga takarda a kwamfuta. Duk da haka ba za ta sallame shi ta riƙa buga takardun da kanta ba, saboda kowace sa'a da ta zauna tana bugu sa'a ce da ba ta yi tiyata ba, shi kuwa sakataren ba abin da ya rasa mai tsada kamar haka. Shi ke nan ko akwai saura?

Mai_Lissafi:
Shi ke nan, 'yar'uwa, kin ma fi ni taƙaita shi.

Tsohon_Masaƙi:
Lissafin ya yi kyau a takarda, kuma ba na jayayya da shi. Amma ina so in yi magana a madadin waɗancan mutum 90 da Fotugal ta ce su bar saƙa, domin ni ɗaya ne daga cikin irinsu. Shekara 22 na yi a masaƙa, a sashen da ake ɗaura zare a kan injin. Na kai matsayin da daga ƙarar injin kaɗai nake gane zare ya kusa tsinkewa kafin ya tsinke, yara sababbin ɗauka suna mamaki. Da yadin waje mai arha ya cika kasuwa, aka fara rage mana kwanakin aiki, daga baya aka koma biyan rabin albashi, wata safiya kuma muka tarar da sanarwa manne a ƙofa. Haƙƙinmu na sallama sai da muka yi shekaru muna bi.

A lissafin Mai_Lissafi, masaƙin da aka sallama yana tashi ne kawai ya koma gonar inabi washegari. A zahiri mutum mai shekara hamsin da iyali, wanda duk iliminsa na zare ne, ba ya zama wani abu daban cikin dare ɗaya, kuma sabon aikin sau da yawa a wani gari mai nisa yake buɗewa, ga wasu mutane daban. Na san masu sayen yadi sun sami sauƙi, miliyoyinsu, kowa ya rage 'yan kuɗi kaɗan. Mu kuma 'yan dubbai mun rasa komai. Idan aka tara aka ce ƙasa ta ci riba, wataƙila gaskiya ne, amma ni ba a taɓa kawo mini kasona ba.

Mai_Lissafi:
Baba, ba ni da abin da zan musa a maganarka, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ka'idar Ricardo cewa ta yi jimlar abin da ake samarwa tana ƙaruwa, ba ta yi alkawarin kowa zai samu ba, kuma masana da kansu sun san cewa duk lokacin da aka buɗe kasuwa akwai waɗanda ke faɗuwa. Shi ya sa aka yi shekaru ana gumurzu a Birtaniya kafin a soke dokokin harajin hatsin waje a 1846, masu manyan gonaki suna son a bar su, masu masana'antu suna son a soke su don abinci ya yi arha. Haka kuma bayan ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, garuruwan Amurka da suka dogara da masaƙu da masana'antun kujeru da gadaje sun sha wuya, kuma da yawansu ba su farfaɗo da wuri ba. Inda nake tsayawa shi ne, gyaran yana wajen raba ribar, ta hanyar biyan diyya da koyar da sabuwar sana'a da buɗe kasuwar a hankali. Na kuma yarda cewa gwamnatoci sun fi saurin sa hannu a yarjejeniyar ciniki a kan cika wannan ɓangare.

Malamin_Tarihi:
Tunda an kawo Ingila da Fotugal, ya kamata a san cewa Ricardo bai zaɓe su da ka ba. Tun 1703 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar Methuen, wadda ta buɗe kasuwar Fotugal ga yadin ulu na Ingila, ita kuma Ingila ta sa wa giyar Fotugal harajin da ya gaza na giyar Faransa da kashi ɗaya cikin uku. Masu sukar ka'idar sukan ce a dubi inda kowace ta ƙare: wadda ta riƙe saƙa ita ce ta shiga zamanin injuna, domin a masaƙa ne aka yi ta ƙirƙiro sababbin na'urori, wadda ta riƙe inabi kuwa ta daɗe a baya. Ba zan ce yarjejeniyar kaɗai ce sanadi ba, tarihi ba ya tafiya da dalili ɗaya, amma tambayar tana da nauyi, domin wata sana'ar tana koya wa mai ita abubuwa da yawa, wata kuma tana barinsa inda ta same shi.

Wannan tunani ne ya sa Alexander Hamilton a Amurka a 1791, da Friedrich List na Jamus a 1841, suka ce a kare jaririyar masana'anta har ta yi ƙwari. Misalin da ya fi burge ni shi ne Koriya ta Kudu. A shekarun 1960 cikin manyan abubuwan da take fitarwa akwai katakon filawud da tufafi da gashin kanti. Da ta ce za ta gina masana'antar ƙarfe, Bankin Duniya bai ga alamar riba a ciki ba, kuma bisa lissafin wancan lokaci yana da hujja, tunda ƙasar ba ta da wadataccen tama. Duk da haka aka kafa kamfanin POSCO a 1968, ya fara narka ƙarfe a Pohang a 1973, daga nan kuma aka gina sana'ar ƙera jiragen ruwa da motoci. Sai dai kada Baban_Khadija ya yi saurin murna. Koriya ba ta yi haka don ta daina ciniki ba. Tama da kwal ɗin da take narka ta da shi daga waje take sayo su, kuma gwamnati tana auna kamfanonin da take tallafa wa ne da yawan abin da suka iya sayarwa a kasuwannin duniya. Abin da ta yi shi ne sauya fannin da ta ƙware a kai.

Injiniya_Sadiq:
Ina so in kawo misali daga fannina don a ga iyakar maganar dogaro da kai a yau. 'Yan mitsitsin ƙwaƙwalen lantarki da ke cikin waya da kwamfuta da mota, mafi ci gaba daga cikinsu akasari a Taiwan ake yin su, a kamfanin TSMC. Amma injin da ke zana layukan da ido ba ya gani a jikinsu, kamfani ɗaya ne tak a duniya ke ƙera mafi ƙwarewarsa, wato ASML na ƙasar Holan. Shi ma ASML ba ya yin maduban da ke cikin injin, daga kamfanin Zeiss na Jamus yake karɓa. Yawancin manhajojin da ake tsara ƙwaƙwalen da su na kamfanonin Amurka ne, wasu muhimman sinadaran kuma daga Japan. Babu ƙasa ɗaya, komai arzikinta, da ke riƙe da wannan sarƙa daga farko har ƙarshe, kuma da a ce kowace ƙasa sai ta yi nata, da yawancinmu ba mu taɓa riƙe wayar zamani ba. Amma a 2021, da waɗannan ƙwaƙwale suka yi ƙaranci, manyan kamfanonin mota a Turai da Amurka da Japan sun dakatar da aiki a masana'antunsu, motoci sun kusa kammaluwa suna jere a fili ana jiran abin da bai kai farce girma ba.

Baban_Khadija:
To ai Injiniya ya gama yi mini aiki. Mai yankan Hajiya ce ta kwanta, kekunan duniya suka tsaya. A ƙara da 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu man fetur suka hana wasu ƙasashe mai, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. A ƙara da 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tsayar da jiragen alkama a Bahar Aswad, ƙasa kamar Masar da ke sayen mafi yawan alkamarta ta waje daga ƙasashen biyu ta shiga fargaba, sai da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani a watan Yuli aka buɗe hanya. Waɗannan ba misalan takarda ba ne.

Matuƙin_Teku:
Malam, aikina a harkar jiragen dakon kaya yake, kuma zan ƙara maka misali ɗaya kafin in saɓa maka. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez ya toshe shi kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a ɓangarorin biyu, mu kuma a ofis waya ba ta daina ƙara ba, kowa yana tambayar ina kwantenarsa. Kwana shida kacal, amma sai da aka yi makonni ana warware cunkoson a tashoshi. Tun da aka fara dakon kaya a kwantena a 1956 kuɗin lodi da saukewa ya faɗi warwas, wannan ne ya sa ya zama da riba a ƙera abu ɗaya a ƙasashe biyar, kuma shi ne ya sa toshewar hanya ɗaya take girgiza kowa.

Inda na saɓa maka shi ne zaton cewa wanda ya rufe ƙofarsa ya tsira daga haɗari. Ƙasar da ke ci daga gonarta kaɗai, shekarar da fari ya zo ba ta da mafita, alhali mai saye daga ƙasashe biyar idan ɗaya ta gaza sai ta juya ga huɗu. Amurka ta gwada rufe kanta a ƙarshen 1807, zamanin Shugaba Jefferson, ta hana jiragenta zuwa tashoshin waje, jirage suka zauna a tasha, matuƙa suka rasa aiki, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, ba a kai wata goma sha shida ba aka janye dokar a 1809. Koriya ta Arewa ta mai da dogaro da kai aƙidar ƙasa, amma ashe nomanta yana tsaye ne a kan man fetur da kayan da Tarayyar Sobiyet ke ba ta da rangwame, da Tarayyar ta rushe a 1991 kuma ambaliya ta biyo baya, aka yi mummunar yunwa. Abin da ƙasashe masu sayen mai suka yi bayan 1973 ya fi kama hankalina: sun kafa hukumar makamashi ta ƙasa da ƙasa a 1974, suka wajabta wa kansu ajiyar man da zai kai kwana 90 na abin da suke shigowa da shi, suka kuma nemi masu sayarwa daga wurare daban-daban.

Abu_Sumayya:
Ina ganin ana haɗa abubuwa biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya. Dogaro da juna na gaskiya shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, inda kowane ɓangare zai ji zafi idan aka rabu. Holan da Taiwan haka suke, kowace tana da abin da ba a samu a wani wuri. Amma a dubi Zambiya bayan samun 'yancin kai a 1964. Ta ƙware a kan jan ƙarfe kamar yadda ka'ida ta ce, kusan dukkan kuɗin da take samu daga waje daga gare shi suke, sai farashinsa ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970 daidai lokacin da man da take saye ya yi tsada, ta afka cikin bashin da ta yi shekaru tana fama da shi. Masu sayen jan ƙarfe suna da Chile da wasu wuraren, ita kuwa ba ta da wani abin sayarwa. Wannan dogaron gefe ɗaya ne, kuma ina zaton shi ne abin da Baban_Khadija yake kira rauni tun farko.

Ɗaliba_Zee:
Malamai, an koya mana cewa ƙasashen da ke ciniki da juna ba sa yaƙi da juna, kuma an ba mu misalin yadda Faransa da Jamus ta Yamma da wasu ƙasashe huɗu suka haɗa harkar kwal da ƙarfensu a 1951 don kada yaƙi ya sake yiwuwa a tsakaninsu. Wannan bai isa ya zama amsa ga tsoron Baban_Khadija ba?

Malamin_Tarihi:
Misalin gaskiya ne, 'yata, amma ki riƙe shi da hannu biyu tare da kishiyarsa. Kafin 1914 Birtaniya da Jamus suna cikin manyan abokan cinikin juna, kuma akwai masu ilimi a lokacin da suka yi imani cewa asarar da yaƙi zai jawo ta isa ta hana shi. Bai hana ba. Ciniki yana sa yaƙi ya yi tsada, amma shugabanni sukan sayi abu mai tsada. Shi kansa Adam Smith, duk da kare 'yancin ciniki da ya yi, ya amince da dokokin da suka fifita jiragen ruwan Ingila, bisa hujjar cewa tsaron ƙasa ya fi wadata muhimmanci.

Hajiya_Mai_Ɗinki:
Tunda ana ta ambaton mai yankana, bari in faɗi abin da na yi bayan ta warke. Ban koma tsarin da ba, inda kowa ke yin komai, domin da na yi haka da na rasa rabin aikina. Na zaɓi ɗaya daga cikin masu keke na ce duk ranar Laraba ta bar keken ta tsaya a tebur tare da mai yankan. A ranar muna rasa ɗinkin mutum ɗaya, kuma a watannin farko ta ɓata yadin da ni na biya daga aljihuna. Wannan asara da saninta nake yi duk mako. Sai dai ban yi haka a kan guga ko maɓalli ba, saboda waɗannan kowa zai iya karɓa idan ta kama.

Baban_Khadija:
Na karanta komai, kuma na janye rabin maganata. Lissafin Mai_Lissafi ya shige ni, ba zan ƙara cewa ƙasa mai rauni ba ta da abin sayarwa ba, kuma na yarda da Matuƙin_Teku cewa rufe ƙofa ba tsira ba ce. Amma ɗaya rabin ina nan a kansa, kuma dabarar Hajiya ta ƙara mini ƙarfi: akwai abubuwan da ya kamata ƙasa ta iya yi da kanta ko da sayensu ya fi arha, kamar abinci da magani da makamashi. Abin da ya rage shi ne yadda za a bambance almakashi da dutsen guga.

Mai_Lissafi:
A nan ne gizo ke saƙa, Malam. Da zarar gwamnati ta ce za ta kare abubuwa masu muhimmanci, kowane mai masana'anta zai zo da hujjar cewa nasa kayan ne ƙashin bayan ƙasa, kuma wanda ya fi kusa da masu mulki shi zai shiga jerin, jaririyar masana'antar kuma ta kai shekara arba'in tana shan nono. Hajiya ta iya zaɓa daidai saboda daga aljihunta asarar ke fita. Ma'aikacin gwamnatin da zai rubuta jerin ba shi zai biya ƙarin kuɗin ba, masu saye ne.

Injiniya_Sadiq:
Kuma ko an rubuta jerin, maganar ba ta ƙare ba. Ƙasar da ta ce za ta noma abincinta duka tana buƙatar taki, sinadarin fotash na takin kuwa mafi yawansa daga Kanada da Rasha da Belarus yake fitowa, ma'adinin fosfat kuma Maroko ce ke da mafi yawan ajiyarsa a duniya. Mai haɗa magani a gida sau da yawa daga Sin ko Indiya yake sayo sinadarin da ke aiki a cikin ƙwayar. A wane mataki na sarƙar za a tsaya a ce an dogara da kai?

Tsohon_Masaƙi:
Ku ci gaba da jerinku, 'ya'yana, na san yadi ba zai shiga ba, kuma wataƙila bai kamata ya shiga ba. Tambayata ga Mai_Lissafi ce, tunda shi ya ambaci diyya da koyar da sabuwar sana'a. Ina so ya kawo mana ƙasar da ta yi wannan da gaske, nawa ne daga cikin waɗanda aka sallama suka koma aiki mai albashi kamar na da, kuma cikin shekara nawa. Zan dawo gobe bayan la'asar in duba.